Kiwon kajin gida

A ƙauyukan Nijar da wuya a shiga gida ba a tarar da kaza ba. Tana tono bayan rumbu, tana bin mata wurin sussuka da wurin daka, tana tsintar abin da ya zuba. Da safe ta fita, da almuru ta komo da kanta. Irin wannan kiwo shi ake kira kiwon sake, domin ba a tsare kajin wuri ɗaya, kuma su ke biɗar yawancin cimakarsu.

Cikin bisashen gida kaza ce ƙarama, amma ita ake fara tunawa in buƙata ta taso. In yaro ya kwanta ciwo, a kama kaza a kai kasuwa a sayo magani. In baƙo ya sauka, a yanka masa zakara. Lokacin komawa makaranta, kuɗin kaza su kan sayi littafi da alƙalami. Mata da yawa da kaza suka fara, suka tara har suka sayi akuya. Yaro ma, in kakarsa ta ba shi sagara, wato budurwar kazar da ba ta fara ƙwai ba, ya sami dukiyarsa ta farko ke nan.

Mutane su kan ce kaza ita ke kiwon kanta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Ga wani lissafi. A ce mutum yana da kaji 4. Kowace ta yi kwanci sau 3 a shekara, kowane kwanci kuma ta ƙyanƙyashe ƴan tsaki 8. Jimla ƴan tsaki 96 ke nan. To, amma a gidaje da yawa fiye da rabin ƴan tsaki ba su kai wata biyu a duniya. Wasu shirwa ta ɗauke, wasu sanyi ya kashe, wasu cuta. Wani mai kiwo ya ƙare shekara da 24, maƙwabcinsa ya ƙare da 72. Kajin nan huɗu ne dai a kowane gida, ƙwan ma ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne kulawa. Saboda haka mai fara kiwo ba yawan ƙwai ya kamata ya sa wa ido ba. Ya sa ido ga yawan ƴan tsakin da suka rayu har suka girma.

Kajin farko

Asalin kaza daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ta fito, ba kamar zabo ba, wanda shi ɗan Afirka ne tun fil azal. Amma ta daɗe ƙwarai a wannan yanki, har ta saba da zafinsa da ƙarancin abincinsa. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai fingi mai gashi a hargitse, a wajen Gaya kuma akwai kolonto mai tsayi da girman jiki. Kazar gida ta kan fara ƙwai tana da wata 6 ko 7. Ta kan yi ƙwai 10 zuwa 15, sai ta tsaya ta kwanta bisansu. A shekara ba ta cika wuce ƙwai 60 ba.

Kajin Turawa, waɗanda ake tsarewa cikin manyan ɗakuna kusa da birane, sun fi ta ƙwai nesa ba kusa ba. Sai dai suna son abincin saye, da magani, da inuwa mai sanyi, kuma yawancinsu ba su yin kwanci. In aka sake su a ƙauye ba su jimawa. Wanda zai fara kiwon sake, kazar gida ce tasa.

Sagara 4 ko 5 da zakara ɗaya sun isa farawa. Zakara ɗaya yana isar kaji 10. In zakaru suka yi yawa sai faɗa, su ci abinci a banza, su wahalar da kajin.

Wurin saye ma abin dubawa ne. Ya fi kyau a saya a gidan da aka sani, inda aka ga kajin suna yawo lafiya, aka kuma san uwar ta iya kwanci da reno. Kasuwa tana tara kaji daga garuruwa barkatai, kuma mutum ya fi gaggawar kai kaza kasuwa ran da ya ga ta fara lumshe ido. Arahar kaza a kasuwa wani lokaci alamar cuta ce a garin da ta fito. Lafiyayyar kaza idonta garau yake, zankonta ja, gashinta a kwance yana sheƙi, hancinta a bushe, bayanta babu kashi manne. In aka kama ta, ta kan yi ta fizga da ƙarfi. Wadda ta yi laƙwas a hannu, a mayar wa mai ita.

Ko daga ina sabuwar kaza ta fito, ko da kyauta ce daga dangi, ba a haɗa ta da na gida ran nan. A ware ta wuri dabam, mako biyu cikakku ko fiye, da kaskon ruwanta da abincinta. Cuta ta kan ɓuya a jikin kaza kwanaki kafin ta bayyana.

Abin da kaza ke ci

Kaza ba ta da haƙora. Haɗiye abinci take yi, ya taru cikin wata ƴar jaka a gindin wuyanta, sannan ya wuce zuwa ƙundu. Ƙundu shi ne dutsen niƙanta. Shi ya sa take haɗiyar ƴan tsakuwa: su ke taimakon ƙundu ya niƙe hatsi da dawa. Kazar sake ba ta rasa tsakuwa. In an tsare ta kuwa, sai an zuba mata rairayi mai tsakuwa.

Abincin da ke warwatse a gida da kewayensa ba ɗaya yake ba duk shekara. Da damana akwai ɗanyen haki, da tsutsotsi, da fara, da ƙwari iri-iri. Da kaka hatsi yana zuba ko'ina, a masussuka da bakin rumbu, kaji su yi ƙiba. Da rani ya yi nisa, bazara ta shigo, ƙasa ta bushe ƙayau, kaza ta wuni tana tono ba ta sami na cika ciki ba. A lokacin ne ƙwai ke raguwa, kaji su rame, cuta ta same su da sauƙi.

Akwai wani abu kuma da masu fara kiwo ba su cika lura da shi ba. Abin tsinta na tsakar gida yana da iyaka, kamar yadda makiyaya take da iyakar shanun da za ta ɗauka. Gidan da tsintarsa ke ƙosar da kaji 10, in suka zama 30 ba za ta ƙaru ba. Rabawa za su yi, manya su ture ƙanana, ƙananan su mutu. Kajin maƙwabta ma cikin wannan filin suke ci. Don haka duk wanda yake son garkensa ya ƙaru, sai ya ƙara abinci daga hannunsa, ko kuwa ya rage garken ta hanyar sayarwa.

Ƙarin ba wani abu mai tsada ba ne. Cikin tafin hannu ɗaya na hatsi, ko dawa, ko dusa ga kowace babbar kaza a yini yana yin amfani ƙwarai. Dusa a ɗan jiƙa ta don iska kada ta kwashe. Hatsi da dawa suna ba da ƙarfi, amma ba su isa gina jiki da yin ƙwai su kaɗai. Ana ƙarawa da ɗan tunkuza, ko dakakken wake da aka dafa, ko garin busasshen kifi, da ganyen zogale. Tunkuzar da ta yi fumfuna guba ce ga kaji, musamman ƙanana. Ɓawon ƙwai kuwa da sinadarin ƙashi ake gina shi, don haka a kan ƙona ƙashi a daka, a zuba a wani ɗan kasko dabam. Ɓawon ƙwan da aka ci shi ma ana gasa shi a niƙe a ba su. In aka jefa musu shi ɗanye yadda yake, su kan koyi fasa nasu ƙwai su sha.

Gara ita ce naman kaji. Manoma sun san dabarar kama ta: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke fitowa, a rufe da ɗan buhu ko ciyawa. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi garar ta koma ƙasa, a ɗauke tukunyar a zazzage wa kaji. Wannan aiki ne da ɗan makaranta zai iya yi kafin ya ɗauki allonsa.

An fi son a ba manyan kaji ƙarin abinci da marece, a wuri ɗaya kullum, kusa da akurki. Da safe in suka ƙoshi ba su fita kiwo da himma. Da marece kuwa abincin ke jawo su gida, mai su ya sami damar ƙirga su, ya ga wadda ta ƙi ci.

Ruwa kuwa ba shi da lokaci. Kaza ba ta yin zufa. In zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta yi ta shan ruwa. Babbar kaza ta kan sha kusan rubu'in litir a yini, da bazara fiye da haka. Kaskon ya zamna cikin inuwa, a wanke shi kowace safiya a sake ruwa. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, wato tun kaka da kakanni an san kaza da kaskonta. Gidan da babu kasko, kajinsa ruwan wanke-wanke da na bayan wanka suke sha.

A gona da garka akwai haɗari guda da ya kamata a sani. Irin shibka da aka cuɗa da magani, da maganin ɓera, da farar da aka fesa wa magani, duk suna kashe kaji. A lokacin shibka da lokacin feshi gara a tsare su gida. Garkar salati da tumatir ita ma a kewaye ta da shinge, don kada kaza ta haɗa maƙwabta faɗa.

Akurki

Kazar da ke kwana bisa icce ko bisa katanga tana hannun muzuru da ɓarawo, ruwa ya dake ta, sanyi ya kaɗa ta. Wadda ke kwana ɗaki ɗaya da mutane kuma tana kawo musu ƙazanta da ƙwari. Jariri mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, kashin kaji kuwa yana sa yara zawo. Kaji su kwana nasu wuri.

Akurkin gargajiya na laka yana hana muzuru, amma sau da yawa ƙarami ne ainun, babu iska, ƙofarsa kuma hannu kaɗai ke shiga. Abin da tsintsiya ba ta shiga ba ya tsabtatuwa. Akurki mai kyau yana da ƙofar da mutum zai iya sunkuyawa ya shiga, da ƙananan tagogi can sama waɗanda aka rufe da ragar waya. Faɗin metir ɗaya da tsawon metir biyu ya ishi kaji 8 zuwa 10 kwana. A gina shi ƙarƙashin inuwa, bisa tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Hadarin damana daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, saboda haka ƙofa ta dubi yamma ko kudu. A ciki a gitta sanda mai kauri kamar ƙotar fartanya, sama da ƙasa da rabin metir, domin kaza bisa abu take son kwana. Kowace tana buƙatar wajen santimetir 20 na sandar.

A share akurki aƙalla sau ɗaya a mako, a barbaɗa toka. Kashin da aka share taki ne mai ƙarfi, ya fi na shanu. Ɗanyensa yana ƙona shibka, sai an tara shi ya ruɓe tukuna a kai garka.

Ƙwai da kwanci

In ba a yi wa kaza gurbi ba, ita za ta zaɓi nata, ƙarƙashin rumbu ko cikin ciyawar bayan gida, inda kare da maciji da gafiya za su riga mai ita. Fasasshiyar tukunya ko tsohon kwando, da ɗan rairayi da toka a ƙasa da busasshiyar ciyawa a sama, a lungu mai duhu-duhu, ya wadatar.

Ba duk ƙwan da ta yi ake bar mata ba. Ƙwai 8 zuwa 12 take iya rufewa, gwargwadon girmanta. Wanda ya leƙo waje ba ya samun ɗumi, ya lalace. Ƙwan da ya wuce kwana 10 a ajiye shi ma da wuya ya ƙyanƙyashe, balle da bazara. Dabara ita ce a riƙa kwashe ƙwan kullum ana barin ɗaya a gurbi, a rubuta ranar bisa kowane da fensir. Ran da ta kwanta sosai, ta fara hura gashi tana saran hannu, sai a sa mata sababbin, waɗanda ba su da tsaga kuma ba a wanke ba. Tsofaffin a dafa wa yara.

A nan akwai wata tsohuwar magana, wai yaron da ke cin ƙwai zai tashi ɓarawo. Babu gaskiya cikinta. Ƙwai yana cikin abincin da ya fi gina jikin yaro da na mace mai ciki. Abin da ake so kawai a dafa shi ya dahu sosai.

Kwanci kwana 21 ne. Cikin kwanakin nan kaza ta kan juya ƙwanta da baki sau da yawa a yini, ta sauka sau ɗaya ta ci, ta sha, ta yi wankan ƙasa ta koma. A ajiye mata abinci da ruwa kusa. Bayan mako ɗaya ana iya duba ƙwan da dare: a riƙe shi bisa bakin tocila cikin duhu. Mai rai za a ga jijiyoyi ja sun bazu cikinsa kamar saƙar gizo. Wanda haske ya ratsa fes babu komi cikinsa. A cire shi tun bai zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran ba.

Zabuwa da damana take ƙwai, kuma ba ta da haƙurin reno. Shi ya sa ake sa wa kaza ƙwan zabi. Nasu kwana 26 zuwa 28 ne. In za a haɗa su gurbi ɗaya, na zabi su riga na kaza shiga da mako guda, don su fito tare.

Makonni huɗu na farko

Nan ne kiwon yake tsayawa ko ya faɗi. Ɗan tsako yana fitowa da sauran gwaiduwa a cikinsa, wadda ke riƙe shi kwana ɗaya ko biyu, don haka ba a gaggawar tayar da uwar daga gurbi kafin sauran su fito. Amma jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. Raɓar safiya ta damana in ta jiƙa shi, ko sanyin asuba na lokacin ɗari in ya buge shi, ya kan mutu kafin azahar. Uwar kuma ba ta san gajiyarsu ba. Tafiya take yi har bakin gona, su bi ta da gudu, na baya ya ɓace, ko ya faɗa rami, ko shirwa ta sure shi. An ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa. Tsoron take yi, ta yi kuka, ta buɗe fukafukai, amma ƴaƴa 10 sun fi ƙarfin fukafukai biyu.

Maganin wannan shi ne a tsare uwa da ƴaƴanta mako 4 na farko, in da hali har 6. Ba sai an gina komi ba. Babban kwando na kaba ko na kara, mai faɗin metir ɗaya ko fiye, a kife bisansu a inuwa, ya isa. Kowace rana a gusa da shi zuwa wuri mai tsabta. Da dare a mayar da su akurki, bisa busasshiyar ciyawa. Wanda ya tsare su kuwa, cinsu da shansu duka sun hau kansa, tun da ba su fita tsinta. A ba su sau 3 ko 4 a yini: tsakin hatsi ko na dawa, da dusa mai laushi, da gara, da yankakken ganye. Kwanakin farko dafaffen ƙwai ɗaya a marmashe yana ƙarfafa su ƙwarai. Kaskon ruwansu marar zurfi ne, a zuba tsakuwa ciki, domin ɗan tsako yana nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba.

In an fara sakinsu, a bari sai raɓa ta bushe, a mayar da su kafin rana ta faɗi. Ana kuma yi musu wurin cin abinci nasu: kwando mai ƙofofin da ƙanana kaɗai ke shiga. Ta haka manya ba su cinye musu.

Annobar kaji

Kusan kowace shekara, galibi lokacin ɗari da hunturu, wata cuta ta kan ratsa ƙauyuka ta share kaji. Masana suna kiranta da sunan Niyukasal, wani birnin Ingila inda aka gane ta cikin shekarun 1920. Kazar da ta kamu ta kan takure kamar mai gyangyaɗi, fukafukai a sake, tana numfashi da ƙyar, tana zawo kore. Wata wuyanta ya murɗe, ta riƙa juyawa wuri ɗaya. Cikin mako guda gida mai kaji 30 ya kan wayi gari da 2 ko 3, ko babu ko ɗaya.

Ƙwayar cutar tana cikin kashi da majinar kazar da ta kamu. Tana tafiya bisa takalmi, da kwandon ɗan kasuwa, da ƙafar kare da ya ja mushe. Tana bin kazar da aka sayar da gaggawa. Tana bin gashi da hanjin da aka zubar a juji bayan an yanka marar lafiya. Agwagwa ta kan ɗauke ta ba ta nuna alama ba.

Wannan cuta ba ta da magani. Mutane su kan zuba barkono, ko ɓawon maɗaci, ko toka cikin ruwan kaji. Wasu su sayi ƙwayoyi wurin masu tallar magani. Kaza ɗaya ko biyu su tsira, sai a ce maganin ne ya yi, alhali ko ba a ba su komi ba wasu kan tsira. Abin da ke hana ta rigakafi ne, kuma tun kajin suna lafiya ake yinsa, domin jiki yana ɗaukar kamar mako biyu kafin ya sami kariya. Wanda ya jira har kajin maƙwabci suka fara mutuwa ya makara. Ƙarshen damana, wajen watan Satumba ko Oktoba, shi ne lokacin da bai kamata a wuce ba.

Rigakafin iri biyu ne aka fi sani. Akwai na allura. Akwai kuma wanda ake ɗigawa ɗigo ɗaya a ido, wanda ya dace har da ƴan tsaki, ana maimaita shi kowane wata 4. Ma'aikatan kiwo da mataimakansu na ƙauye su ke yi, su ne kuma za su faɗi ranar maimaitawa. Kwalba ɗaya ta kan ishi kaji kamar 100, kuma in aka buɗe ta ba ta jira. Rana da zafi suna kashe maganin. Don haka maƙwabta su haɗa kai su sa rana ɗaya, kowa ya bar kajinsa a rufe tun daren jiya. Kuɗin rigakafin garke duka ba su kai kuɗin kaza ɗaya ba.

Akwai wata cuta mai kama da wannan wadda ta fi ta haɗari, ita ce murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 an tabbatar da ita a Magarya, cikin jahar Damagaram, jim kaɗan bayan ɓullarta a arewacin Nijeriya. Ita tana iya kama mutum. Da ido ba a bambanta su. Saboda haka in kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da ma'aikatan kiwo nan da nan. Ba a ci, ba a sayarwa, ba a bari yara su taɓa. Mushen a rufe shi cikin rami mai zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Sauran damuwar ƙanana ne in an kula. Ƙuma ta kan manne kewaye da idon ƴan tsaki baƙi ƙirin, ɗan man shafawa bisanta ya kan kashe ta. Wata irin kaska ta kan ɓuya cikin tsagar bango da rana, da dare ta fito shan jini, don haka a yaɓe tsagogin akurki. Ƙwarƙwatar kaji ba ta son toka. A haƙa ɗan rami a inuwa a zuba toka da rairayi, kajin da kansu za su shiga su yi birgima. Maganin tsutsar ciki yana wurin ma'aikacin kiwo.

Sayarwa

Ƴan zakaru in sun kai wata 5 ko 6 ba su ƙara girma sosai, abinci kawai suke ci. Su ne na sayarwa da na tukunya. Sagarun da suka fito daga uwa mai kyan reno su ne na ajiya. Kaza tana daraja gab da salla da lokacin bukukuwa. Rage garke da kaka, kajin suna da ƙiba, kafin rani ya rage abinci, ya fi a riƙe su duka a yi asara.

Zakaran gida a sake shi bayan shekara ɗaya ko biyu, don kada ya hau ƴaƴansa iri ya raunana. Ana musanya da wani daga wani gari, shi ma a ware shi mako biyu kamar kowane baƙo.

Tsohon littafin makaranta mai sauran shafuna yana da aiki a nan. A rubuta ranar da kowace kaza ta kwanta, da ƙwai nawa aka sa mata, da nawa suka fito, da nawa suka kai wata biyu, da ranar rigakafi. Kazar da ta kwanta ran 3 ga wata, ran 24 ake shirya mata kwando da tsaki.